Ranar da Kwamfuta Ta Kama Hular Kawu

Ke, ta dawo! Wallahi kwamfutata ta dawo hannuna, ga ta nan cikin jaka, taɓa ki ji. Matso mu koma bayan aji kafin a kaɗa ƙararrawa, don in ban amayar da labarin nan ba cikina zai fashe.

Kin dai san kwamfutar, wadda Yaya ta bar min da za ta tafi makarantar koyon jinya. Kin kuma san aikin da Malamar kwamfuta ta ba ni, na koya wa na'ura ta kalli hoto ta bambance robar ruwa da gwangwani da takarda. Alhamis ɗin nan za a miƙa, kuma Malama ta ce wadda ba ta kawo nata ba, ba ita ba zuwa gasar makarantu. To sati uku cur sai dai in hango kwamfutar ta taga. Kawu ne ya ƙwace.

Kawu ƙanin Mama ne, autan Kaka, a ɗakin bakin ƙofar gidanmu yake zaune. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, amma ba wanda ya taɓa ganin takardar. Shi ne ya gyara mana fanka ta koma juyawa da baya, ya taɓa famfon tsakar gida muka yini muna kwasar ruwa. Yana da wata hular kwano rawaya irin ta masu aikin gini, ba ya cire ta ko abinci zai ci. Kaka ta ce da ita za a binne shi.

Abin ya faro ne daga ruwan saman da aka yi wancan watan. Kwatar layinmu ta toshe, ruwa ya yi baya ya shige shagon Tela, ya jiƙa kayan makarantar yara wajen talatin da ya gama ɗinkawa. Tela ya fito da wando a naɗe yana rantsuwa sai ya gano mai zuba shara a kwata. Kuma kin san yanzu ko'ina kyamara ce. Tela yana da ɗaya a ƙofar shago, Mai kemis yana da biyu, Mai aski yana da ɗaya. Bidiyo ya taru jibgi guda, ba mai kallo. Mai kemis ya lissafa ya ce kyamara huɗu, wata guda, in mutum zai kalla ba ƙiftawa sai ya yi wata huɗu a zaune. Tela ya ce ko shekara ce zai kalla. Ya yi awa biyu, ya ga kyanwa ɗaya da wata leda da iska ke kaɗawa, aka same shi ya kifa kai a kan keken ɗinki yana minshari.

A ranar ne Kawu ya shigo falo ya tarar da ni ina aikina. Na ɗaga roba a gaban kwamfuta, ta zana mata akwati a jiki ta rubuta sunanta. Na ɗaga gwangwani, ta gane shi. Kawu ya tsaya a kaina yana leƙe, har ina jin numfashinsa. Sai kawai ya rufe ta ya sa a hammata. Wai abu mai ido irin wannan ba na wasan gwangwani ba ne, na manyan ayyuka ne, kuma ai shi ya taɓa naɗe mata wayar caji da salatif, don haka yana da kaso a ciki.

Na je wa Baba da kuka. Baba kuma kin san shi da kunyar dangin Mama. Ya yi ta shafa gemu, can ya ce a bar Kawu zuwa ranar da zai nuna wa mutanen layi. In na'urar ta kama mai toshe kwata, to unguwa ta fi ni buƙata, ta zauna wurinsa. In ba ta kama ba, ta dawo min. Kawu ya ce ya yarda, har ya ce in fara neman wani abin wasan.

Kafin la'asar duk layi sun ji. Kawu ya tsaya a ƙofar Mai aski yana cewa bidiyon da Tela zai yi wata huɗu yana kallo, injinsa zai cinye shi kafin ruwan shayi ya tafasa. Wai daga layinmu sai gari duka, daga nan sai bidiyon duniya baki ɗaya, duk wanda ya ɗauki wani abu a waya sai an kawo masa ya duba. Mai aski ya tambaye shi ko injin zai iya gano inda gashin Mai kemis ya tafi. Kawu ya ce wannan sai a kashi na biyu.

Kaka ma ta kawo nata ƙorafin. Tun kafin ruwan nan ta shanya katifarta ta soso a kan katanga ta ɓace, ta koma kwana a tabarma, kullum tana tsine wa mai sayen tsofaffin kaya da ke wucewa da kura. Ta ce Auta ya sa injin ya nemo mata. Kawu ya yi wani tari, ya ce injinsa ba na ƙananan abubuwa ba ne, ya fice da sauri.

To ga inda gizo ke saƙar. Ita na'urar nan ba ta san komai da kanta ba, sai an nuna mata misali. A ce mata wannan mai zuba shara ne, wannan mai wucewa ne, sau ɗaruruwa. Kuma Malama ta sha gaya mana, misalin ya zama mutane daban-daban, kaya daban-daban, in ba haka ba za ta riƙe abin da ba shi aka nufa ba. Na gaya wa Kawu, don Allah ya gani na gaya masa. Ya ce ya san wannan tun kafin a haifi Malamar.

Ya bi shago-shago yana neman wanda zai yi kwaikwayon zuba shara a ɗauke shi. Tela ya ce shi da kwata ta cinye, shi kuma zai ciyar da ita? Mai aski ya ce gobe a yanko wurin a watsa a wayoyi a ce shi ne, wa zai ƙara miƙa masa kai. Mai kemis bai ma ɗago ido ba. Sai Kawu ya ce dama ba su iya ba, shi zai yi da kansa.

Ke, da kin gani. Ya jingine waya a tagar ɗakinsa, ya cika bokiti da takardu, ya zuba a kwata, ya tsince, ya sake zubawa. Sau ɗari biyu. Ya yi na mai sanɗa, ya yi na mai gudu, ya yi na mai ɗingishi, ya yi na tsoho da sanda. Ya sauya riga ta fi goma, har zanen Mama ya ɗaura ya yi tafiyar mata, yara suka taru suna tafi. Amma duk wannan sauyin, hular kwanon nan tana kansa. Misalin mutanen kirki kuwa, masu wucewa ya ɗauka, ba mai hula rawaya ko ɗaya a cikinsu.

Na ce, "Kawu, hular fa?"

Ya ce, "Injiniya ba ya cire hula a bakin aiki. Je ki taya Mamanki wanke-wanke."

To na tafi wanke-wanke. An ce in yi shiru, na yi shiru. Ni yarinya ce mai jin magana.

Sati na biyu ya ce zai yi gwaji. Ya haɗa kwamfutar da kyamarar Mai aski mai kallon titi, ya rataya lasifika a jikin falwaya, ya naɗi muryarsa a ciki. Duk wanda na'urar ta zarga, sai ka ji muryar Kawu ta cika layi: "Na gan ka, ƙazami! Ajiye bokitin nan!"

Wadda ta fara shan ihun malamar asibitin nan ce ta ƙarshen layi, ta fito tsaf cikin fararen kaya da lemarta rawaya. Ta tsaya ta duba gabas ta duba yamma, ta ce za ta dawo da mijinta. Sai mai kawo gas, ya saɓo tukunya rawaya a kafaɗa, da ya ji an ce ajiye, ya ajiye a tsakiyar titi ya ɗaga hannu sama. Sai wani mai tura kura ɗauke da kabewa, shi sau uku aka yi masa, don kabewar uku ce. Ana cikin haka wani mutum ya zo daidai gaban kyamara ya ci ayaba ya jefa ɓawon cikin kwata, ya goge hannu a wando ya wuce. Lasifika ko tari.

Tela ya ce wannan wane irin inji ne mai barin mai laifi yana kama kabewa. Kawu ya ce Tela ba zai gane ba, injin ya wuce kallon hannu, niyya yake karantawa. Duk wanda ya yi wa ihu, to yana da shirin zubawa a ransa. Mai aski ya ce ita kabewar me ta shirya. Kawu ya ce yana nan yana bincike.

Kuma duk sanda Kawu ya matso zai gyara waya, sai lasifikar ta rufe shi da ihu ba ƙaƙƙautawa. Wannan kuma wai gaisuwa ce, ta gane maigidanta.

Ranar Laraba ne aka taɓo inda ba a taɓawa. Kaka ta dawo daga kasuwa da baho rawaya a ka. Tana zuwa gindin falwaya aka ce mata ƙazami. Ta sauke bahon a hankali. Ta ɗaga kai ta kalli lasifikar, ta gane muryar ɗanta sarai. Ke, minti goma sha biyar tana yi wa falwaya faɗa. Ta tuna masa shekarun da ya yi yana fitsarin kwance, ta tuna masa wa ya wanke, ta ce ya sauko in ya isa. Duk sanda ta sunkuya za ta ɗauki baho, sai a sake ce mata ajiye bokitin nan. Shi kuwa Kawu yana cikin shagon aski ya ɓuya a bayan labule, ƙafafunsa a waje.

Na ɗauka daga nan zai haƙura ya ba ni abata. Ina! Ya ce duk babban aiki sai ya gamu da maƙiya, har a cikin gida. Ya sa ranar da zai nuna wa mutanen layi, Lahadi da yamma, wato jiya.

Shagon Mai aski ya cika har waje. An jawo benci uku, an haɗa kwamfutar da babbar talabijin ɗin da ake kallon ƙwallo. Baba yana gefe, Mama tana bakin ƙofa ta rufe rabin fuska da mayafi, Kaka aka ba kujerar aski ta hakimce a kai. Ni ina tsaye jikin bango, ina ta addu'a a zuci. Don fa in abin nan ya yi sa'a ya cafko wani bawan Allah da bokiti, shi ke nan, ni da gasa sai a mafarki.

Kawu ya goge hularsa har tana ƙyalli. Ya yi jawabi ya fi rabin awa, ya ce wata rana za a riƙa kawo baƙi su ga shagon nan. Mai kemis ya katse shi ya ce sharaɗi ɗaya, bidiyon watan da ya gabaci ruwan kaɗai za a saka, ban da kwanakin da Kawu ya yi ta rawa da bokiti. Kawu ya ce ko na shekara ne a kawo. Aka jona, ya danna da yatsa ɗaya, ya juya wa allon baya ya harɗe hannu.

Gaskiya ta yi sauri, wannan kam ba zan ci haƙƙinta ba. Ba a jima ba ta ce ta samu wuri sittin da uku. Shago ya ɗauki guna-guni, kowa yana kallon na kusa da shi ta wutsiyar ido.

Na farko ya fito. Kawu ne, da safe, da jakarsa ta hannu, an zana masa jan akwati a ka. Ya ce wannan gaisuwa ce, a wuce. Na biyu Kawu. Na uku Kawu. Kin san kullum ƙarfe takwas yake fita ya ce wa Mama yana da taro da manyan mutane, har ta riƙa zuba masa abinci a kula? To kyamarar bayan kemis ta nuna mana taron. Benci ne a inuwa. Ya cinye abincin, ya yi matashi da jaka, ya kifa hula a fuska. Litinin haka, Talata haka. Mama ta ja mayafin ta rufe sauran rabin fuskar.

Kyamarar Tela kuma ta kawo shi da sassafe kafin a buɗe shago, yana tsaye gaban gilashi yana jawabi shi kaɗai, ya rusuna, ya karɓi kyautar da ba wanda ke ba shi, ya ɗaga wa mutum-mutumin da Tela ke rataya wa riga hannu. Mai aski ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Kawu ya yi wuf zai rufe kwamfutar, wai ta yi zafi tana buƙatar hutu. Tela ya riƙe masa hannu ya ce ai an ce kafin shayi ya tafasa, ko wuta ba a hura ba tukuna.

Sai na arba'in da bakwai. Tsakar rana ce, layi ba kowa. Daga wajen katangarmu sai ga katifa tana tafiya da ƙafa biyu, hula rawaya tana leƙowa ta sama. Katifa mai furanni shuɗi. Kaka ta gyara zama. Katifar ta zo daidai kwalbatin da ke ƙarƙashin tagar Kawu, aka ninke ta biyu, aka cusa a ciki. Ta ƙi shiga, aka taka da ƙafa. Ta ƙi, aka ɗauko gora aka yi ta dannawa har ta ɓace. Sannan Kawu ya miƙe ya karkaɗe hannu, ya ja da baya ya ƙare wa aikinsa kallo, ya gyaɗa kai.

Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya juya yana kallon Kaka.

Kaka ta ce, "Auta."

Ya ce wallahi ya ɗauka yar da ita aka yi. Wai wari ne ke shigo masa ta taga, ga sauro, shi ne ya yi tunanin ya toshe ramin. Tela ya tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, to ruwan da zai zo ta ina ya ce ya bi.

Kawu ya ce, "Soso ne fa. Aikin soso ai shan ruwa."

Tela ya ce, "Ya sha. Da ya ƙoshi ya turo min ragowar shago."

Nan ne fa shago ya kece. Mai kemis yana dukan benci, malamar asibiti da ta zo da mijinta don rigima tana share hawaye da gefen mayafi. Ni kuwa na fara matsawa wajen kwamfutata a hankali.

Amma ke, Kawu ba ya mutuwa da wuri. Ya ɗaga hannu ya ce a saurara. Ya juya wajen Baba ya ce yaya aka yi da shi? An ce in inji ya kama mai toshe kwata, ya zama nasa. To ya kama ko bai kama ba? Cikin bidiyon wata huɗu ya zaƙulo mutumin, har da rana da lokaci. Wane inji ne a duniya ya taɓa yin haka?

Hannuna ya tsaya a iska. Don in kin duba, gaskiya ya faɗa. Baba ya fara shafa gemu, kuma na san wannan shafar, ita ce ta kunya. Na ce ai ba mai laifi ta gane ba, hula kawai take bi, ko kabewa aka saka mata haka za ta yi. Kawu ya ce yara ba sa sa baki a maganar manya, kuma ba a yi sharaɗin ta yadda za a kama ba. Mai kemis ma ya ce, to, a bisa ƙa'ida dai. Idona ya cika da ƙwalla.

Sai Kaka ta sauko daga kujerar aski. Ta tako har gaban Kawu, ta ƙwanƙwasa hular da ɗan yatsa kamar mai gwada tukunya a kasuwa.

Ta ce, "Ya kama, ba musu. Amma a ina ka taɓa ganin an kama ɓarawo, sannan a ba shi ajiyar ɗan sandan?"

Baba ya sa hannu ya toshe baki, kafaɗunsa suna rawa. Da ƙyar ya ce Kaka ta yanke, shi ba shi da abin ƙarawa. Ta ce in ɗauki abata. Ta ce shi kuma Auta ya je ya ciro mata katifa yanzu, kuma daga yau tasa katifar ta koma ɗakinta, shi ya gwada tabarma ya ji.

Tela ya ba da igiya, Mai aski ya ba da gora, duk layi suka bi shi waje. Kawu ya naɗe wando ya shiga kwata har gwiwa. Katifar ta sha ruwan wata guda, ta yi nauyin saniya. Ya ja, ta ƙi. Ya sake ja da ƙarfi, ta taho gaba ɗaya, ya faɗi zaune, ruwan da ya taru ya ɓalle. Hular ta fice daga kansa ta hau ruwa ta kama hanya. Ashe sanƙo ne da shi, ke, tal, ya fi na Mai kemis.

Ni kuma ina cikin shago ina cire wayoyi. Ban san yadda aka yi ba, yatsana ne ya zame, kwamfutar ta koma kallon kyamarar titi. Lasifikar tana nan a falwaya ba a sauke ba. Hular tana wucewa a kan ruwa, sai muryar Kawu ta tashi: "Na gan ka, ƙazami!" Ta bi ta da ihu har ta sha kwana.

Yau da safe ba a ga Kawu ya fita taro ba. Yana tsakar gida yana wanke katifa da omo, Kaka na zaune a kujera tana nuna masa inda bai fita ba.

To amma saurara, ga inda nake roƙonki. Mama ta ce abin kunyar gida ne, in ta ji labarin nan ya fita daga layinmu ta bakina, za ta kulle kwamfutar a kabad sai an yi hutu. Kwana uku suka rage min, ga gwangwanaye ban gama ɗauka ba, kuma sai na nemo masu launi daban-daban. Don Allah, don darajar iyayenki, kar ki gaya wa kowa tukuna, ko ƙanwarki, ko 'yar bencinku mai bakin nan. Ki bari in miƙa aikina ranar Alhamis. Ranar Juma'a ki zo da wuri, na arba'in da bakwai yana nan ban goge ba.